Yadda Sintisaiza Ke Haifar da Sauti

Yawancinmu mun saba jin fiyano mai amfani da lantarki yana fitar da muryar sarewa, ta goge ko ta ƙararrawa, alhali babu tsirkiya ko gora a cikinsa. To daga ina waɗannan muryoyi suke fitowa? A na'urar kiɗa da ake kira sintisaiza, amsar tana cikin wani ɗan sashe mai suna osileta.

Ɗaliban kimiyya sun san cewa kowane sauti kaɗawa ce. Tsirkiyar molo tana kaɗawa, ta girgiza iska, iskar ta bugi dodon kunne. Osileta kuwa ƙarfin lantarki yake sa wa ya yi ta hawa da sauka, lasifika ta mayar da wannan motsi sauti. Idan ya hau ya sauka sau 440 a sakan ɗaya, za a ji muryar A, wadda makaɗa ke daidaita kayan kiɗa da ita. In aka ninka zuwa 880, A ce dai, amma ta sama. Kunnen mutum yana jin kaɗawa daga kusan 20 zuwa 20,000 a sakan.

A na'urorin da Robert Moog na Amurka ya fara ƙerawa a 1964, ƙarfin lantarki ne ke ɗaga muryar osileta ko ya saukar da ita, kamar yadda makaɗin kalangu ke matse tsirkiyoyi da hammata don sauya muryar gangarsa.

Sai dai muryar osileta ɗaya busasshiya ce. Daɗin yana zuwa ne idan biyu ko uku suka haɗu, kuma ga uku daga cikin hanyoyin haɗuwar.

Ta farko, a gauraya muryoyinsu. In ɗaya yana kan 440, ɗayan yana kan 443, wani lokaci za su hau tare sautin ya ƙaru, wani lokaci su saɓa ya ragu. Wannan zai faru sau 3 a sakan, wato bambancin da ke tsakaninsu. Ɗan saɓanin nan shi ke sa sauti ya yi kauri, kamar taron mawaƙa suna rera murya ɗaya. Minimoog, wadda ta fito a 1970, osileta uku gare ta.

Ta biyu, a sa ɗaya ya riƙa juya ɗayan a hankali. Osileta mai kaɗawa sau 5 ko 6 a sakan ba a jin muryarsa, amma in aka haɗa shi da wani, sai muryar wancan ta riƙa rawa kamar ta mai waƙa.

Ta uku, a ƙara saurin mai juyawar har ya kai ɗaruruwa a sakan. A nan rawar takan ɓace, wata sabuwar murya ta fito, irin ta ƙararrawa ko ƙarfe. John Chowning ne ya gano amfanin wannan a Jami'ar Stanford a 1967, kamfanin Yamaha kuma ya yi aiki da dabarar a fiyanonsa DX7 na 1983.

Ga gwaji ga ɗalibai: ku sami jita, ku daidaita tsirkiya biyu su kusa zama murya ɗaya, ku kaɗa su tare. Za ku ji sautin yana hawa yana sauka. Ku ci gaba da murɗa ɗaya a hankali har hawa da saukan su tsaya. A nan ne muryoyin biyu suka zama daidai.