Marmara, Shaidar Daminar Da

Duk wanda ya bi hanyar mota daga Birnin Ƙonni zuwa Tawa ya ga tuddai masu shimfiɗaɗɗen kai, kamar an yanke su da wuƙa, jan dutse mai ramuka-ramuka ya rufe su. Wannan ita ce marmara. Turawa na ce mata latarayit, sunan da wani likita, Francis Buchanan, ya raɗa mata a littafinsa na 1807, bayan ya ga mutanen Malabar ta ƙasar Indiya suna yankanta da ɗanyenta suna gini. Asalin kalmar a Latin tubali ne.

To, ga abin da ya kamata mai karatu ya lura da shi. Marmara ba ta samuwa sai inda ake ruwa kamar da bakin ƙwarya, ga kuma zafi. Ka taɓa ganin mace tana tace toka? Tana zuba ruwa a kasko mai huji, ruwan ya ratsa, ya ɗiga da duk gishirin da ke ciki, a bar tokar lami. Haka ruwan sama ya yi wa duwatsun nan shekaru miliyoyi. Ya kwashe duk abin da ke narkewa, har da abincin shuka, ya bar masu taurin kai biyu, ƙarfe da alminiyam. Ƙarfen ya yi tsatsa, tsatsar ce ta rina ƙasar. Mai ja wur masana na kiranta hematayit, mai ruwan ɗorawa kuwa gotayit. In aka haƙa ƙasa sosai sai a tarar da farin yumɓu, wato kawolin.

Yau ruwan da Tawa ke samu a shekara da ƙyar yake kai milimita 400. Wannan ba ya yin marmara. Ashe ke nan ƙasar da muke gani ƙeƙasasshiya ta taɓa zama mai dausayi tun ba a yi ɗan Adam ba. Ikon Allah ke nan.

Kakanninmu ba su raina marmara ba. Dutsen Dala na Kano ma ita ce a kansa, can kuma maƙeran farko suka narka tama.

Amma ga manomi magana dabam ce. Ƙasar noman da ke bisa marmara ba ta da kauri. In aka sare itatuwa, iska da ruwa suka share ta, sai fako, wanda ko fartanya ba ta kama shi. Ko takin fosfet ka zuba, tsatsar nan riƙe shi take yi, ta hana shuka sha. Manoman Illela ta Nijar sun raya irin wannan fako da tassa: a haƙa ƙananan ramuka da rani, a zuba taki, damina ta cika su, gero ya fito. Aiki ne mai karya ƙugu.

Saboda haka, jama'a, mai gona a kan tudun marmara ya bar itatuwansa tsaye, ya bar karan gero a kwance bayan girbi, ya jera duwatsu a gicciye inda ruwa ke gangarowa.