DARASI: Suna a Takarda da Haƙƙin Maƙwabci a Gaban Kotu

Darasinmu na wannan fitowa ya shafi abubuwa biyu da kan kai mutanenmu gaban alƙali ba tare da sun yi sata ko faɗa ba: saɓanin suna a takardu, da ƙarar da maƙwabci kan kai saboda turken shanu. Mun haɗa su wuri guda ne domin ranar da ta biyun ta taso, ran nan ne ta farkon kan kunyata mutum.

NA FARKO: SUNA

Mutum ɗaya ne, amma a katinsa na Nijar an rubuta Mahamadou, a asusun bankinsa na Najeriya Muhammadu, a takardar hayar filinsa a Kumasi kuma Mohammed. A kara wannan ba kome ba ne, kowa ya san shi, ko da laƙabi ma. To amma kotu da banki ba su san fuska ba, abin da ke rubuce shi suke karantawa.

Kada wani ya ce ƙaramin abu ne. Ranar 13 ga Fabrairu, 2020, ana gobe rantsarwa, Kotun Ƙolin Najeriya ta soke nasarar David Lyon a zaɓen gwamnan Jihar Bayelsa, saboda takardun mataimakinsa suna ɗauke da sunaye daban-daban. Kotun ta ce takardar rantsuwa kaɗai ba ta isa ta gyara sunan da ke kan takardar shaida ta hukuma ba. In saɓanin suna ya ci kujerar gwamna, ina ga kuɗin tirela guda na shanu?

Ga yadda ake gyarawa. A Ghana mutum kan yi rantsuwa a rubuce bisa dokar 1971, sa'annan a buga canjin a Gazet, wato jaridar gwamnati, daga nan ya kai wa masu katin ɗan ƙasa da banki. A Najeriya an saba da rantsuwa a babbar kotu da sanarwa a jarida, amma bayan wancan hukunci ya fi kyau lauya ya rubuta takardar canjin suna a buga ta a Gazet. A Nijar da Kamaru, inda aka gaji tsarin Faransa, takardar haihuwa ita ce tushe, kuma in akwai kuskure a cikinta ta hannun shari'a ake gyara shi. Sanarwar jarida ba ta yin aiki a can. Ranar 29 ga Janairu, 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka fita daga ECOWAS, aka kuma sanar da sabon fasfo. Duk wanda zai karɓa, ya sa a karanta masa sunansa harafi-harafi kafin ya bar ofis.

NA BIYU: MAƘWABCI

Yawancin turakunmu a bayan gari aka kafa su, yau kuwa gari ya cim masu. Sai ka ji maƙwabci na kukan wari, ƙudaje, kukan shanu da dare, ko ruwan kashi da ke malalawa ƙofar gidansa da damina. Amsar da muka saba bayarwa ita ce, “Ai ni na riga shi zuwa, daji ne nan lokacin da na kafa turke.”

Jama'a, wannan magana ba ta cika ceton mutum a kotunan Ghana da Najeriya ba, domin dokar Ingila suka gada a wannan babi. A 1879 an yi shari'a a Landan tsakanin wani mai yin alewa da wani likita. Mai alewa ya shekara fiye da ashirin yana daka a turamensa ba wanda ya tanka. Da likita ya gina ɗakin duba marasa lafiya jikin bangonsa, ƙarar dakan ta hana shi aiki, ya kai ƙara, kotu kuma ta ba likita gaskiya. Abin da alƙali kan duba shi ne: damuwar ta wuce abin da mai hankali zai jure a irin wannan unguwa? Warin da za a yi haƙuri da shi a bakin kara, ba lalle ne a yi haƙuri da shi a tsakiyar gidaje ba. In aka same ka da laifi, ana iya sa ka biyan diyya, ko a hana ka ci gaba da ajiye shanu a wurin, ko duka biyu.

A ɓangaren Faransa ma haka ne: damuwar da ta wuce kima tsakanin maƙwabta tana jawo diyya. Ga kuma sashe na 1385 na dokar zaman jama'a da suka gada, wanda ya ɗora ɓarnar dabba a kan mai ita ko wanda take hannunsa yana amfani da ita, ko da kuwa tsinkewa ta yi ta gudu.

INDA SUKA HAƊU

Ranar shari'a za a nemi takardar fili, rasit na haraji da katinka. In sunaye uku suka fito, sai ka fara tabbatar da cewa kai ne kai kafin a saurari hujjarka, lauya na cin kuɗi, shanu na ramewa a turke. Haka nan in kai ne ke bin bashi, wanda ka kai ƙara na iya cewa ba da wannan sunan ya yi ciniki ba.

Saboda haka muna ba da shawara: a zaɓi rubutun suna ɗaya a bi shi a kowace takarda, a kuma adana takardar gyaran tare da fasfo. A riƙa kwashe taki a kan kari, a yi wa ruwa hanya, a ƙarfafa shinge. In maƙwabci ya yi kuka, a je da sarkin zango ko shugaban kara a sasanta tun kafin sammaci ya zo, a rubuta abin da aka shirya kowa ya sa hannu. In kuwa sammaci ya riga ya zo, kada a ɓoye shi cikin aljihu a hau mota; rashin zuwa kotu na iya sa a yanke hukunci a bayan idonka.

Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, ya tsare mu da sharrin shari'a, amin.