Baƙon tsuntsu a bayan gida: dubawa ko camfi?

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, an zo mana da tambaya game da wani tsuntsu mai farar fuska da ya sauka a bayan wani gida, kusa da rumbu. Mutanen gidan ba su taɓa ganin irinsa ba. Yara suka ɗauki duwatsu, wasu manya suka ce mutuwa ce ya kawo, har aka fara zargin wata tsohuwa maƙwabciya da maita. Wannan ne ya sa muka ga wajibi ne mu yi bayani.

Abu na farko, a natsu a duba. Ana gane tsuntsu ta girmansa, da bakinsa, da ƙafafunsa, da kukansa, da lokacin fitarsa. Wanda aka siffanta mana tsawonsa ya kai wajen santimita 35. Fuskarsa fara ce mai faɗi, idanunsa baƙaƙe, bayansa ruwan ƙasa da toka-toka, bakinsa a lanƙwashe, yana da farata, yana tsuwwa da dare. Wannan farar mujiya ce. In aka duba ƙarƙashin masaukinta za a tarar da dunƙulen gashi da ƙananan ƙasusuwa da take amayarwa: ragowar ɓerayen da ta ci ne. Ashe ba ajali ya kawo ta ba, ɓerayen rumbu ta biyo. Wanda ya kashe ta ya kashe mai gadin hatsinsa.

Abu na biyu, hukunci. Buhari da Muslimu sun ruwaito daga Abu Huraira, Allah ya yarda da shi, cewa Manzon Allah (SAW) ya kore camfi da tsuntsaye, kuma ya ambaci "hama". Imamu Nawawi ya kawo fassarar Imamu Malik cewa Larabawan jahiliyya, in wannan tsuntsun dare ya sauka bisa gidan mutum, sai ya ɗauka mutuwarsa ko ta wani nasa yake sanarwa. Kun ga abin da muke yi yau shi ne Musulunci ya rushe tun farko. A ruwayar Abu Dawuda da Tirmizi daga Ibn Mas'ud, an kira camfi shirka. Aya ta 34 ta Suratu Luƙman kuwa ta keɓe wa Allah sanin inda rai zai mutu.

Saboda haka mu hana yara jifa, mu tambayi manoma da maharba sunan abin da ba mu sani ba. Wanda ya zargi maƙwabciyarsa ya je ya nemi gafararta, ya tuba.

Allah shi ne Mafi sani. Wassalamu alaikum.