Kafin ka kwashi iyali zuwa tsibiran Tafkin Volta, lissafa kwanon masara da ajin yaro

A farkon wannan zangon karatu wani magidanci daga nan Kukuo, a Tamale, ya dawo da 'ya'yansa biyu makarantar da ya cire su shekara biyu da suka wuce, yana roƙon a mayar da su. Mai sayar da bandar kifi ne. Wani dillali ya hure masa kunne cewa ribar duk tana hannun masu sayen kifi a bakin ruwa, shi kuwa wahala kawai yake sha a Tamale. Sai ya sayar da rumfarsa, ya bi hanyar Salaga zuwa Makango, ya haye Yeji, daga nan kwalekwale mai inji ya kai shi da matarsa da yara uku wani tsibiri a cikin tafkin. Bai karɓi takardar transfa ba, bai ɗauki kundin makin yaran ba, ko sallama bai yi wa malaminsu ba. Babbar 'yarsa tana aji biyu na JHS, wato ƙaramar sakandare, a lokacin. Makarantar tsibirin ta tsaya a firamare, JHS tana tsallaken ruwa, don haka yarinyar ta zauna gida tana juya kifi a kan murhu. Ta dawo da idanu jajawur saboda hayaƙi, an ba ta lissafin da take warwarewa kafin tafiya, ta riƙe fensir tana kallon takarda. Sa'anninta sun rubuta jarrabawar kammala JHS, wato BECE, suna babbar sakandare. Ƙaninta da ya bar aji biyar ya ƙare yana kwashe ruwa a kwalekwalen wani masunci, ya dawo da tsargiya, yana fitsarin jini. Da aka tambayi uban yadda aka yi, abin da ya ce shi ne: "Malam, ni dai lissafin kifi na yi."

Wannan lissafin ne yake karya mutane. Kifi yana da araha a tsibiri, gaskiya ne, amma ba a tuƙa tuwo da kifi. Masara, shinkafa, mai, gishiri, sukari, sabulu, man kunna janareta, duk sai sun hau mota, sun sauka, sun hau jirgi, kuma kowane hawa da sauka da kuɗinsa. Kwanon masarar da uwargida za ta taya a kasuwar Aboabo wurin mutum biyar kafin ta saya, can mai shago ɗaya ne, abin da ya faɗa shi ne farashi. Idan man jirgi ya yi wuya ko iska ta tashi, kaya ba sa zuwa, farashi ya ƙara hawa. Wanda ya tuna ƙarshen 2022, lokacin da hauhawar farashi a Gana ta haura kashi 54 cikin ɗari, ya san yadda albashi ya narke a cikin gari. To ya ƙara kuɗin jirgi a kai. Kamun kifi kuma yana da lokacinsa, ciki ba shi da lokaci. A watannin da kamu ya ja baya sai a koma cin bashi a shago, a jinginar da kifin da ba a kama ba tukuna. Haka jarin wannan bawan Allah ya shige tukunya. Dillalin da ya zuga shi ya karɓi la'adarsa tun a Yeji, bai sake ganinsa ba. Irin waɗannan dillalai ba su taɓa kwana a tsibirin da suke tallatawa ba, kuma ba za ka ga 'ya'yansu a can ba.

Batun makaranta ya fi ciwo, domin kuɗi ana mayarwa, shekarun yaro ba a mayarwa. Tafkin Volta ya samu ne bayan kammala madatsar Akosombo a 1965, ya mamaye kusan murabba'in kilomita 8,500, ya shanye dazuzzuka da garuruwa. Kututturen itatuwan suna nan a ƙarƙashin ruwa, su ne suke fasa jirage, su ne suke riƙe koma har a tura yaro ya nutsa ya kwance ta. A watan Janairun 2023 ɗalibai takwas suka mutu a gundumar Sene ta Gabas lokacin da kwalekwalensu ya kife a hanyar makaranta. Uban da ya ce "ai akwai makaranta a tsallake" ya sani cewa abin da yake nufi shi ne ɗansa zai hau ruwan nan sau biyu kullum, sau da yawa babu rigar ceto. Inda kuma akwai makarantar, a tambaya: malamai nawa ne suke kwana a wurin? An yi mata rajistar BECE? Wane harshen gida ake koyarwa? Yaron da ya shekara takwas yana karatun Dagbani ba zai wayi gari ya rubuta Twi ko Ewe a jarrabawa ba. Ga kuma masu kafa rumfa su rataya allo su kira ta makarantar kuɗi, ba rajista, ba horarren malami, su karɓi kuɗin iyaye, shekara ta ƙare yaro ba shi da makin da wata makaranta za ta amince da shi. Karatun allo da Islamiyya kuwa, wanda a Tamale kowace unguwa tana da shi, yawanci ba a ma tuna da shi sai an isa.

Za a ce arziki na Allah ne, kuma kakanninmu da fatauci suka zo ƙasar nan. Haka ne. Amma fataken goro da suka cika Salaga suna tafiya ne da madugu wanda ya san hanya da zango da farashi, kuma inda suka zauna sukan kafa masallaci da makaranta. Bayan yaƙin Salaga na 1892, da jama'a suka koma Kete Krachi, malamai sun tafi tare da su. Alhaji Umaru, haifaffen Kano, a can ya karantar har rasuwarsa a 1934. Tawakkalinsu yana tafe da shiri. Za a kuma ce raba iyali ya fi cutarwa, gara yaro yana gaban uwarsa. Wannan magana ce mai nauyi, musamman ga ƙanana. Amma ɗan JHS da ya rage masa shekara ɗaya zai iya zama wurin kawu ko gwaggo ya gama, ya riƙa zuwa hutu. Tun 2017 babbar sakandare kyauta ce, ƙofarta kuwa BECE ce, wanda ya rasa ta ya rasa duka. Masu cewa yaro yana koyon sana'a a ruwa su sani dokar yara ta 1998 ta hana sa wanda bai kai shekara 18 ba aiki mai haɗari.

Je ka kai kaɗai tukuna, ka yi wata uku, har da lokacin da kifi ya yi ƙaranci. Rubuta abin da ka kashe a abinci kowane mako. Shiga makarantar da ƙafarka, ka ƙirga malamai. Kada ka cire yaro ba transfa, ba kundin maki. Sabunta katin inshorar lafiya kafin tafiya. Kada ka taɓa ɗan aji biyu ko uku na JHS. Domin yarinyar nan yanzu tana zaune a aji ɗaya da ƙannen ƙawayenta, ubanta kuma yana neman bashin da zai sake kama rumfa.