Kakar Ƙasar Sanyi da Mai Ɗaukar Hoto

A arewa maso gabashin Amurka akwai wata jiha mai tuddai da dazuzzuka, ana kiranta Vermont. Tana iyaka da ƙasar Kanada. Kakar mutanen can ta kan zo ne tsakanin lokacin zafi da lokacin sanyi. Sa'ad da manoman ƙasar Hausa ke ɗaure damman gero, watau daga ƙarshen Satumba zuwa tsakiyar Oktoba, sai dajin Vermont ya sauya kama. Ganyen da yake kore shar ya koma ja wur, wani ruwan ɗorawa, wani ruwan goro. Bishiyar da ta fi kowace ado ita ce meful, wadda hoton ganyenta ke kan tutar Kanada tun 1965.

Me ke kawo haka? A cikin ganye akwai wani sinadari kore mai suna kulorofil. Da shi bishiya ke yin abincinta daga hasken rana da ruwa da iska. In yini ya fara gajarta, sai bishiya ta daina yin sa, koren ya dushe. Sa'an nan rawayan da ke ɓoye tun da can ya bayyana. Ja kuwa sabo ne, daga sukarin da ya rage cikin ganye yake fitowa. Ya kan yi kyau ƙwarai in rana ta fito sosai da yini, dare kuma ya yi sanyi, amma ba sanyin da ruwa ke daskarewa ba.

A da, hoto baƙi da fari ne kawai, jan ganye da kore duk toka-toka suke fita. A 1907 waɗansu 'yan'uwa biyu a Faransa, masu suna Lumière, suka fara sayar da faranti mai ɗaukar hoto da launi. A 1935 kamfanin Kodak ya fito da fim mai suna Kodachrome, aka yi ta amfani da shi har aka daina yin sa a 2009. Yanzu ko wayar hannu tana ɗaukar launi.

Amma kyamara mai kyau ba ta isa ba, domin adon nan ba ya daɗewa. A wuri guda da ƙyar ya wuce mako biyu, kuma iska da ruwan dare ɗaya suna iya kakkaɓe shi duka. Saboda haka gwanin hoto ya kan fara daga arewa da kan tuddai, inda sanyi ke riga sauka, sa'an nan ya bi launin kudu zuwa kwari.

Ba ya son tsakar rana. A lokacin nan ganye na ƙyalli, launinsa ya fita fari-fari kamar zanen da ya sha wanki. Da sassafe yake fita, ko da la'asar sakaliya, sa'ad da rana ta yi ƙasa. Sai ya tsaya inda bishiya za ta shiga tsakaninsa da rana. Haske ya ratso ta cikin ganye, ganyen ya yi kamar garwashi. Abin mamaki, ranar da hadari ya rufe sama, mutane suka koma gida, shi murna yake yi, don jiƙaƙƙen ganye ya fi busasshe kaifin launi. Ya kan ɗaura wani gilashi a bakin kyamara mai kashe ƙyalli, ya kafa kyamarar bisa abin ɗorawa mai ƙafa uku don kada ta motsa.

Sabon shiga ya kan so ya cusa dajin duka cikin hoto ɗaya, sai hoton ya cakuɗe, ido ya rasa inda zai tsaya. Gwani kuwa bishiya ɗaya ja yake nema, wadda ke tsaye kusa da farin gida, ko a gaban itatuwan da ba su zubar da ganye. In akwai tafki kusa, ya kan isa bakinsa tun da asuba, ya jira rana ta taɓa kan bishiyoyi. Muddin iska ba ta taso ba, ruwan na kwance kamar madubi, sai ya sami daji biyu a hoto guda, ɗaya a tsaye, ɗaya a kife.