Amsoshin Tambayoyinku: Goron Sallar 'Ya'yan 'Yan'uwa Goma Sha Biyu da Naira 30,000

TAMBAYA: Ni malamin firamare ne a Karfi, ƙaramar hukumar Malumfashi, ina kuma ɗan taɓa noma. Ina da 'ya'yan yayye da ƙanne su goma sha biyu a gida uku, biyu nan Karfi, ɗaya a Funtua. Ƙaraminsu bai cika shekara biyu ba, babbarsu tana ajin ƙarshe na sakandare. Biyu daga cikinsu marayu ne, 'ya'yan yayana mai rasuwa. Da can kowace sallah nakan ɗinka wa kowa kaya, yanzu abin ya fi ƙarfina. Abin da zan iya warewa bana bai wuce Naira 30,000 ba. Me zan saya wanda zai dace da kowa, kuma kada wani ya ga an fifita wani a kansa? Daga wani mai karatu a Karfi.

AMSA: Malam, Allah ya jiƙan yayanka, ya saka maka da alheri a kan wannan zumunci.

Da farko ka sauke wa ranka nauyin ɗinkin nan. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin mota da na yadi da na tela duk suka tashi, magidanta da yawa da suka fi ka samu sun daina abin da suka saba. Ɗinkin sallah aikin uba ne. Kai baffa ne ga wasu, kawu ga wasu, naka shi ne goron sallah. Kuma wannan dubu talatin ɗin ina fatan ita ce ta rage bayan ka tanadi zakkar fidda kai da cefanen gidanka. Idan ba haka ba ne, rage ta. Kada ka ci bashi, kada kuma ka taɓa hatsin da iyali za su ci da damina don a ce Malam ya yi bajinta.

Wani abu da ya kamata ku manoman yankin Funtua da Malumfashi ku sa a lissafi shi ne lokaci. Watannin Musulunci suna matsowa da kwana goma ko sha ɗaya duk shekara. A 'yan shekarun nan ƙaramar sallah tana faɗowa tsakanin Maris da Afrilu, babba kuma tsakanin Mayu da Yuni. Ke nan ta farko tana zuwa bayan kuɗin masara da waken soya sun yi nisa da hannu, ta biyu kuma daidai lokacin da kowane kwabo yake neman hanyar shagon taki. Don haka sayayyar sallar manomi da kaka ake fara ta. Bana lokaci ya ƙure, amma baɗi idan ka sayar da buhun farko, ware kuɗin yaran tun ranar. Ko bana ma kada ka bari sai goman ƙarshe na azumi, lokacin da kasuwa ke cika kowa ya tsauwala.

Yanzu rabon kuɗin. Cire dubu biyar ka ajiye gefe, a canza maka ita zuwa Naira ɗari-ɗari da ɗari bibbiyu. Wannan ta yaran da ba su cikin lissafinka ce: na maƙwabta masu yawon sallah, da ɗalibanka da za su zo gaishe ka, da duk yaron da ka tarar a gidajen nan uku wanda ba jininka ba. A nan nake so ka fi lura. Idan ƙanwarka tana zaune da abokiyar zama, ko akwai agola ko ɗan riƙo a gidan, to ka shiga da abin da zai isa kowane hannu da aka miƙo. Yaro ba ya gane cewa wannan kawun wancan ɗakin ne. Abin da ya gani kawai an ba 'yan'uwansa shi an tsallake shi, kuma 'yar'uwarka ce za ka bari da zaman gidan bayan ka tafi. Ka fara tara ƙananan takardun tun yanzu daga canjin da ake ba ka. Ba sai sababbi fil ba, masu tsabta sun isa. Masu sayar da sababbin kuɗi a bakin tasha suna cire nasu kaso daga ɗan abin da kake da shi, ga shi kuma dokar Babban Bankin Nijeriya ta 2007 ta hana cinikin takardun Naira.

Saura dubu ashirin da biyar. Ban ga dalilin raba ta daidai wa daida ba. Ɗan shekara biyu da budurwar da ke shirin jarrabawar fita sakandare buƙatarsu ba ɗaya ba ce. Adalcin da ake nema shi ne tsakanin sa'o'i: 'yan shekara ɗaya ko kusa su sami abu iri ɗaya, ko daga wane gida suka fito. Labarin sahabi Nu'umanu ɗan Bashir, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito, sananne ne: mahaifinsa ya yi masa kyauta shi kaɗai, ya nemi Manzon Allah (SAW) ya shaida, Manzon Allah ya ƙi, ya umarce shi da yin adalci tsakanin 'ya'yansa. Maganar a kan uba da 'ya'yan cikinsa take, amma baffa mai hankali zai ɗauki darasinta. Idan ƙanana suka tashi da kamar dubu ɗaya kowanne, na tsakiya dubu bibbiyu, manya dubu uku-uku, kuɗin zai kai, har wataƙila ɗan wani abu ya rage.

Ƙananan ba su da wahala. Wanda bai kai shekara uku ba, kyautarsa ta uwarsa ce: sabulun wanka, man shafawa na yara, ko 'yar hula da safa. Ka guji duk abin wasan da yake da ƙananan ɓangarori masu cirewa, ko ƙaramin batir mai kama da maɓalli, domin yaro a wannan shekaru komai baki yake kai wa, haɗiye irin batirin nan kuwa yana ƙona maƙogwaro. Kada ka sayi kwalli ko tozali don jariri. Na dutse da ake niƙawa yakan ƙunshi dalma, ita kuwa tana cutar da ƙwaƙwalwar yaro. 'Yan shekara huɗu zuwa shida kuma abin da suke so shi ne abin riƙewa a hannu ranar idi: tabarau na roba, agogon wasa, 'yar jaka, awarwaro, balan-balan. Irin waɗannan kada ka saya ɗai-ɗai a tebur. Ka shiga kasuwar Malumfashi ko ta Funtua wurin masu sari ka ɗauki dozin ko rabinsa, ka haɗa da ledar alewa da biskit ɗaya ka rarraba da kanka. Ka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa a jikin duk abin da za a ci, don gab da sallah ne ake fito da kwantan kaya.

Abu ɗaya nake roƙonka ka bari, ko da yaran sun nace: bindigar wasa, musamman mai harba ƙananan duwatsun roba, da kuma abin fashewar nan da yara ke kunnawa. Mai harbin tana iya tsiyayar da ido. Ban da haka, mutanen kudancin Katsina sun ji ƙarar bindigar gaske fiye da yadda ya kamata a shekarun nan. Ba na jin daidai ne baffa ya ɗauki kuɗinsa ya sa wa ɗan shekara shida siffarta a hannu da sunan murna. Ƙwallo ta fi, kuma ƙwallo ɗaya tana ɗaukar yaran gida gaba ɗaya har da na maƙwabta.

Na tsakiya, 'yan bakwai zuwa sha biyu, su ne na fi so in daɗe a kansu, domin a nan mutumin karkara yake da abin da ɗan birni ba shi da shi. Ka ba yaro kaza. Wannan tsohuwar dabara ce ta kakanninmu, kuma har gobe tana aiki. Budurwar kaza ta gida, wadda ta kusa fara ƙwai, idan ma kana da su a gidanka ba sai ka kashe ko sisi ba. Ka kama ta da kanka, ka ɗaura mata ɗan ƙyalle a ƙafa, ka miƙa wa yarinya a gaban uwarta ka ce, "Wannan taki ce, ba ta gida ba." Daga ranar za ka ga yarinyar tana tashi da sassafe ta watsa mata tsaki, tana leƙa akurki, tana ƙirga ƙwai. Kaza takan kwanta kwana 21 ta ƙyanƙyashe. Idan Allah ya tsare su daga shaho da annoba, kafin wata sallar an sami 'yan zakaru na sayarwa, kuma gidaje da yawa a ƙasar Hausa akuyar yarinya daga kaza guda ta faro. Sai dai ka yi magana da iyayen tukuna, a yarda cewa ba za a yanka kazar don baƙo ba sai da izinin mai ita. Ka kuma tambayi malaman dabbobi na ƙaramar hukuma rigakafin annobar kajin nan da ke share akurki da hunturu. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a jihar Filato tana yin sa, ba shi da tsada. Yaran Funtua, idan gidan haya suke babu fili, kaza ba tasu ba ce, sai a nemo musu abin da ya yi daidai da kuɗinta.

Kai malami ne, saboda haka ba sai na yi dogon bayani a kan littafi ba. Amma ka bambanta littafin rubutu da littafin karantawa. Idan ka ba yaro littafin rubutu da biro ranar sallah, uban ka taimaka wa, yaron bai ga kyauta ba. Littafin labari kuwa nasa ne. Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya yi karatu ya kuma koyar a Katsina, littafi uku ne. Ka sayi ɗaya ga kowane gida, ka ce idan sun gama su yi musaya. Akwai Ruwan Bagaja nasa, akwai Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa. Ka rubuta sunan yaron da shekarar a shafin farko da hannunka. Idan ka dawo babbar sallah ka zaunar da shi ka ce ya ba ka labari ɗaya daga ciki.

Manyan su ne suka fi wuyar sha'ani, don sun san farashin komai kuma sun fara jin kunya. Saurayi ɗan sha biyar ba zai miƙo hannu a gaban ƙannensa ba. Kira shi gefe, ka tambayi karatunsa, ka ba shi nasa a ninke. Ga waɗannan kuɗi a hannu ba laifi ba ne, sau da yawa ma ya fi, domin shi ya san ko takalminsa ne ya tsinke ko hula yake so. 'Yan mata kuma kuɗin kitso da lalle babbar kyauta ce, sai dai ka ce wa uwayensu a yi hattara da baƙin lallen da ake haɗawa da rinin gashi, yana sa wa wasu ƙuraje da kumburi. Kada ka sayi man shafawar da ba ka san shi ba, da yawa na sauya launin fata ne. Ita babbar mai shirin WAEC da NECO, idan da ni ne, fitila mai caji da hasken rana zan nema mata, ko da zan ƙara daga abin da ya rage. Yarinyar da ke karatun dare ta san darajarta, bayan jarrabawa kuma fitilar tana nan a ɗakin uwarta.

Sai marayun nan biyu. A gaban sauran yara ka ba su daidai da sa'o'insu, kada ka ƙara, kada ka rage, kada kuma ka yi wata magana da za ta tuna musu maraici ranar farin ciki. Ƙarin da za ka yi musu, ka kai wa mahaifiyarsu tun kafin sallah da mako biyu ko uku, a ɓoye. Idan akwai ɗinkin da za ka yi bana, nasu ne. A nan kada ka ɗauki nauyin kai kaɗai. Ka kira sauran 'yan'uwanka, maza da mata, ku yi karo-karo. Turmin atamfa yadi shida ne, yakan ishi ƙananan 'yan mata biyu har da ɗankwali, yadin maza ma haka ake yankowa a raba. A kai wa tela da wuri. Abin da ake gudu shi ne ranar idi kowa ya fito da sabo su su fito da na bara.

Game da tsoron da kake yi na cewa za a ga ka ja baya, ka gaya wa iyayen yaran gaskiya tun yanzu cewa bana babu ɗinki, don kada su sa rai su ƙi yin nasu tanadin. Wannan ya fi muhimmanci a kan duk abin da na lissafa. Wanda ya san halin da ake ciki ba zai zarge ka ba.

Kuma ka kai da kanka. Na san kuɗin motar Funtua zai ci wani abu daga cikin lissafin, amma zumunta a ƙafa take, tura kuɗi ta waya ba ya maye gurbin yaro ya ga kawunsa ya shigo ya kira sunansa. Idan ranar sallah ba ta yiwu ba, ka je washegari ko ranar uku. Kafin ka fita gida ka rubuta sunayen duka goma sha biyun a takarda, ka sa wa kowane ƙunshi suna, ka sake ƙirgawa. Allah ya kai mu sallar lafiya, ya albarkaci yaran. A gaida mutanen Karfi.