Darasi: Hukuncin Tafiya Hajji Ga Wanda Ba Shi Da Babbar Waya, Da Tanadin Da Ya Kamace Shi

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, wata tambaya ta yawaita a majalisinmu na bayan Magariba. Dattawa maza da mata suna cewa: mun tara kuɗin kujera, amma ƴaƴanmu sun ce yanzu ba a zuwa Makka sai da babbar waya mai shafawa, mu kuwa ba mu da ita, ko an ba mu ba mu iya sarrafa ta ba. Har mun ji labarin wanda ya ɗage niyyarsa saboda wannan, da wanda ya ci bashi don ya sayi wayar. Shi ya sa muka ga ya wajaba mu yi bayani.

Na farko: hukunci

Sharaɗin wajabcin hajji shi ne iko. A mazhabarmu ta Malikiyya, iko yana nufin mutum ya iya isa Makka ba da wahala mai tsanani ba, tare da aminci a kan ransa da dukiyarsa. Rukunan hajji kuma huɗu ne: harami, sa'ayi tsakanin Safa da Marwa, tsayuwar Arfa, da ɗawafin ifala. Babu ɗaya daga cikinsu da ya rataya a kan waya. Saboda haka wanda ya sami lafiya da guzuri da halattacciyar biza ta hajji, hajji ya hau kansa, kuma rashin babbar waya ba uzuri ba ne na jinkiri.

Mu tuna da kakanninmu. Sun ratsa Cadi da Sudan a ƙasa da kan jakuna, ta Fashir da Ubayyid, suna tsayawa su yi ƙodago su ƙara gaba, har su kai gaɓar Bahar Maliya a Sawakin ko Bur Sudan su tsallaka zuwa Jidda. Tafiyar takan ci shekaru. Garin Mai Wurno da ke bakin kogin Nilu a Sudan, waɗanda suka nufi gabas bayan yaƙin Burmi na 1903 ne suka kafa shi. Waɗannan bayin Allah sun tafi da ayari da jagora da haddar abin da suke buƙata. Su ne kuma makaman da muke kira a riƙe yau.

Na biyu: tawakkali ba ya kore tanadi

Kada wani ya fahimci maganarmu a kan cewa a tashi kawai a ce Allah na nan. Imamu Buhari ya ruwaito daga Ibnu Abbas cewa wasu mutanen Yaman sun kasance suna zuwa hajji ba guzuri da sunan tawakkali, in sun iso Makka sai su koma roƙo, sai aya ta 197 ta Suratul Baƙara ta sauka da umarnin yin guzuri. Manzon Allah kansa, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ranar hijira ya ɗauki Abdullahi ɗan Uraiƙiɗ haya don ya nuna hanya. Wanda ba shi da waya, duk aikin da waya take yi wa wasu sai ya neme shi ta wata hanya tun yana gida.

Na uku: takarda

Alhaji ya sami ƙaramin littafi ko kati mai kauri, a rubuta masa da Larabci da boko: sunansa kamar yadda yake a fasfo, lambar fasfo, sunan ajans ɗin da ya ɗauke shi, sunan jagoran ayari da lambarsa, sunan masaukinsa a Makka da Madina da unguwar da yake, da lambar mutum biyu na gida. A fara lambar gida da 00227, domin da haka ne ake kiran Nijar daga waje. In yana da hawan jini ko ciwon suga, a rubuta shi da sunan maganin da yake sha. A yi kofi biyu na fasfo da biza da katin allurar shawara da ta sanƙarau, ɗaya cikin jaka, ɗaya a bar wa iyali.

Tun daga hajjin 2024 hukumomin Saudiyya suka wajabta katin Nusuk ga kowane alhaji. Bugaggen kati ne da ake ratayawa a wuya, ana karɓar sa ta hannun masu kula da ayari, kuma da shi ake shiga wuraren ibada. Jami'i yana iya karanta bayanin mutum daga jikinsa ko mai shi bai furta kalma ba. Kada a bar shi a ɗaki ko sau ɗaya.

Wata shekara da muka yi rakiya, wani magidanci mai babbar waya ya rabu da mu bayan jifa. Batirinsa ya mutu, lambobinsa duka suna ciki, ko sunan masauki bai riƙe ba. Sai washegari aka same shi a galabaice. A yinin nan kuma wata tsohuwa ta ɓace, ba ta san ko harafi ba, amma jikarta ta ɗinke mata takarda a cikin jakar wuya. Kafin La'asar ƴan agaji sun kawo ta har ƙofar hema. Saboda haka nasihar takarda ta haɗa har da masu waya.

Na huɗu: ayari da jagora

Abu Dawuda ya ruwaito umarnin cewa mutum uku in sun fita tafiya su shugabantar da ɗayansu. Mu yi aiki da wannan. Kowane ɗaki su zaɓi babba, kowane dattijo a haɗa shi da matashi mai waya, kada ya fita Harami ko wurin jifa sai tare da shi. Ku kuma matasa, ku sani hidimar nan ibada ce. Kada ɗaukar hoto ya shagaltar da ku har ku saki hannun wanda aka damƙa muku.

Kafin a shiga Harami a yi alkawarin mahaɗa. Ƙofofin suna da suna da lamba: ƙofar Sarki Abdul'aziz ita ce ta 1, ta Sarki Fahad ita ce ta 79. A riƙe lambar ƙofar da aka shiga, domin daga ciki duk sun yi kama. A Mina hemomi farare ne iri ɗaya, don haka da isa a rubuta lambar maktab da ta titi, a lura da tutar ƙasarmu mai ruwan lemo da fari da kore. Wanda ya ɓace ya tsaya a inuwa, ya nemi ɗan sanda ko ɗan agaji, ya nuna katinsa. Matambayi ba ya ɓata. Amma ya bayyana da kyau cewa daga Nijar yake, ya ambaci Yamai, domin a kunnen Balarabe Nijar da Nijeriya suna kusa, ana iya kai shi hemomin maƙwabtanmu ya ƙara nisa.

Shiga Rauda a masallacin Madina, a ƴan shekarun nan, sai da izinin da ake nema ta manhajar Nusuk. Wanda ba shi da waya ya gaya wa jagora tun da wuri a nema masa tare da jama'a. In bai samu ba kada ya damu, domin shiga Rauda falala ce, ba ta cikin rukunan hajji ko wajibansa.

Na biyar: lokaci da kuɗi da kiran gida

Agogon Saudiyya yana gaban namu da awa 2, sai a gyara agogon hannu da sauka. Namiji mai harami ya sa agogon cikin jaka don ya fita daga saɓani, tunda malamanmu sun hana masa abin da ya kewaye gaɓa kamar zobe. Sun yi rangwame ga ɗamarar kuɗin guzuri, in an ɗaura ta a kan fata. A canza wani abu zuwa ƙananan riyal don ruwa da mota. Wanda jirginsa zai sauka Jidda ya nufi Makka, ya shirya haraminsa tun a filin jirgi, ya saurari sanarwar miƙati. Wanda ya fara da Madina, miƙatinsa Zul Hulaifa ne, inda ake kira Abyar Ali.

Ƙaramar waya mai maɓallai ta isa kira, kuma batirinta yakan yi kwanaki. A sanya rana da lokacin da za a riƙa kiran gida, a kuma gaya wa iyali cewa daga ranar 8 ga Zulhajji zuwa ƙarshen kwanakin Mina shiru ba alamar sharri ba ne. Lambar gaggawa a yankin Makka ita ce 911.

Na shida: gargaɗi

Haɗarin da ya fi rashin waya shi ne tafiya ba izini. A hajjin 1445, wato 2024, zafi ya kai digiri 51.8 a Makka, kuma hukumomin Saudiyya sun sanar da rasuwar mutum 1,301, kashi 83 cikin 100 daga cikinsu ba su da izinin hajji. Sun yi doguwar tafiya cikin rana ba hema ba mota, wasu ma ba takardar da za a gane su da ita. Duk wanda ya ce zai kai ku da bizar ziyara a kuɗi kaɗan, ku guje shi. Ku tabbatar ajans ɗinku yana cikin waɗanda hukumar hajji da umra ta ƙasa ta amince da su. Jefa rai cikin halaka haramun ne ko da sunan ibada.

Muna roƙon limamai su karanta wannan darasi ga maniyyatan unguwanninsu, ɗalibai kuma su taimaka wajen rubuta musu takardunsu kafin ranar tashi. Allah Ya kai alhazanmu lafiya, Ya karɓi ibadarsu, Ya maido su ga iyalansu lafiya. Waɗanda ba su je ba Allah Ya kira su. Allah ne mafi sani.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi.